BABI NA UKU: TARIHIN YI WA DABBOBI SHAIDA DA BIN SAWUNSU DON YAƘI DA ANNOBA A ƘASAR GUMEL

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin kafuwar masarautar Gumel da sana'o'in mutanenta. A wannan babi kuwa za a dubi hanyoyin da aka bi, tun daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa yau, wajen tantance dabbobi da bin sawunsu domin shawo kan cututtuka masu yaɗuwa a ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, shaidar da ake yi wa dabba ba ta yin amfani wajen kashe annoba sai an haɗa ta da abubuwa uku, wato yardar makiyayi da ɗorewar aiki da kuma haɗin kan hukumomin da ke ɓangarori biyu na iyaka.

3.1 Matsayin Ƙasar Gumel a Harkar Dabbobi

Ƙasar Gumel tana bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, daura da yankin Damagaram. Wannan iyaka Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta tsakanin 1906 da 1908, alhali kuwa burtalolin da makiyaya ke bi sun girme ta nesa ba kusa ba. Da damina garke yakan yi arewa don ya ba gonaki wuri, idan an yi kaka kuma ya gangaro kudu neman ƙarmami da ruwa. Kasuwar Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis, tana daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa, inda ake kawo shanu da raƙuma da tumaki da awaki daga Nijar har da ƙasashen da ke bayanta. Ita kuwa Gagarawa, tashar jirgin ƙasa ce a kan layin dogo na Kano zuwa Nguru wanda aka kammala a 1930. Ke nan, ƙasar ta zama mahaɗar dabbobin kiwo da na fatauci, kuma duk inda dabbobi ke cuɗanya a mashaya da kara da zango, nan ne cuta ke samun hanyar tsallakawa daga garke zuwa garke.

3.2 Shaidar Gargajiya

Tun kafin zuwan Turawa makiyaya suna da hanyoyinsu na gane dabba. Bafillace yakan san kowace saniya da sunanta, wanda yawanci daga launinta ko siffar ƙahonta ake ciro shi, ya kuma san uwarta da kakarta. Bayan haka akwai tsaga ko yanka da ake yi a kunne, wanda ke nuna gidan da dabbar ta fito. Buzaye kuma sukan yi wa raƙumansu lalas da ƙarfe mai zafi a wuya ko a cinya, kowace zuriya da irin tata alamar. A kasuwa, dillali da fatoma da sarkin fawa su ne shaidu a kan wanda ya kawo dabba da wanda ya saye ta.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan alamomi na mallaka ne. Suna amsa tambayar "ta wane ne?" idan an yi ɓata ko sata ko rabon gado. Ba sa faɗin inda dabba ta sha ruwa a makon jiya, ko garken da ta kwana da shi. Game da cuta, dabarar makiyayi ita ce ƙaura: da ya ji labarin ciwo a wata mashaya sai ya kauce mata, wani lokaci kuwa ya tafi da cutar a cikin garkensa bai sani ba.

3.3 Annobar Bushiya ta Farko

Cutar da ta fi kowace girgiza makiyayan wannan yanki ita ce bushiya. Ta shigo Afirka ne a 1887 ta tashar ruwa ta Massawa a Eritiriya, tare da shanun da sojojin Italiya suka shigo da su. Cikin 'yan shekaru ta ratso ƙasar Sudan ta iso yankin Tafkin Chadi da ƙasar Hausa wajen 1890 zuwa 1891. An ƙiyasta cewa a wuraren da ta ratsa ta kashe kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na shanu. Bafaranshen nan Monteil, wanda ya bi ta Sakkwato da Kano ya nufi Kukawa tsakanin 1891 da 1892, ya ba da labarin ɓarnar da ya tarar a hanya. Fulani da yawa sun wayi gari ba su da ko maraƙi, wasu suka koma noma, wasu suka zama 'yan kiwon haya. A wancan lokaci babu rigakafi, babu kuma wata hukuma da ke iya tsayar da garke a kan hanya.

3.4 Zamanin Turawa: Jangali da Takardar Izini

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, ƙasar Gumel ta shiga Lardin Kano. An kafa sashen kula da lafiyar dabbobi a Zariya, aka mayar da cibiyarsa Vom a 1924, inda aka shiga haɗa magungunan rigakafi. Dokar cututtukan dabbobi ta 1917 ta ba hukuma ikon killace garken da ya kamu da hana shi motsi. Daga baya aka tsara cewa shanun fatauci su bi hanyoyin da aka ƙayyade, a duba su a tashoshin bincike, a ba mai su takardar izini kafin su wuce kudu a ƙasa ko a jirgi. Wannan takarda ita ce matakin farko na bin sawun dabba a rubuce.

Sai dai kuma a daidai wannan lokaci En'e tana ƙirga shanu don karɓar jangali ta hannun hakimai da dagatai da arɗo-arɗo. Saboda haka a idon makiyayi, malamin da ya zo da littafi yana ƙirga shanu, ko na haraji ne ko na allura, duk ɗaya ne. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Makiyaya sukan raba garke su ɓoye wani sashe a daji, a ƙasa irin ta Gumel kuwa tsallaka iyaka zuwa ƙasar Faransa tafiyar yini ɗaya ce ko ƙasa da haka. Shanun da aka ɓoye wa mai jangali su ne dai aka ɓoye wa mai allura. Ko da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, tsoron ƙirga bai fita daga zukatan makiyaya nan take ba.

3.5 Gangamin JP 15 da Hujin Kunne

A 1961 aka yi taro a Kano inda aka tsara gangamin haɗin gwiwa na yaƙi da bushiya wanda aka sani da JP 15. Zangon farko ya gudana daga 1962 zuwa 1965 a ƙasashe huɗu na yankin Tafkin Chadi, wato Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Tsarin shi ne a yi wa kowace saniya allura sau ɗaya a shekara har shekara uku a jere. Duk wadda aka yi wa, sai a huda mata kunne da wani ƙarfe mai fitar da siffar ganye mai reshe uku. Wannan huji ya bambanta da shaidar gargajiya, domin lafiyar dabba yake nunawa. Ma'aikaci a Maigatari yana duban kunne zai san ko an yi wa saniya allura a ɓangaren Nijar, ba sai ya nemi takarda ba. Allurar kyauta ce, makiyaya kuma sun ga amfaninta da idonsu, don haka suka riƙa kawo shanu da kansu.

Gangamin ya ci nasara har bushiya ta kusa ɓacewa a Nijeriya. Sharaɗin da ya rage shi ne kowace ƙasa ta ci gaba da yi wa maruƙan da ake haifa allura duk shekara. A nan ne aka yi sake. Kuɗi suka ja baya, farin 1972 zuwa 1974 ya tarwatsa garkuna ya cakuɗa su, aka sami sabon zubin shanu masu kunne lafiyayye, ba huji ba rigakafi. A 1980 cutar ta sake ɓullowa ta ɓangaren Sakkwato, a 1983 kuma ta shigo ta Barno daga Chadi ta bazu a Arewa, shanu dubbai ɗaruruwa suka mutu. Wannan ne ya sa aka ƙaddamar da sabon gangami na Afirka baki ɗaya a 1986, aka koma allura da hujin kunne, gwamnatin soja kuma ta kafa Doka ta 10 ta 1988 a kan cututtukan dabbobi. Rabon Nijeriya da ganin bushiya tun 1987, a 2011 kuwa aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya.

3.6 Daga 1991 Zuwa Yau

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, kula da lafiyar dabbobin ƙasar Gumel ya koma hannun sabuwar jiha. A 1998 ƙungiyar ECOWAS ta amince da takardar shaidar ƙetare iyaka ga makiyaya, wadda ke ɗauke da yawan garke da allurar da aka yi masa da hanyar da zai bi. Amma makiyaya kaɗan ne suka riƙa karɓar ta, domin iyakar tana da faɗi, hanyoyin daji kuma ba su ƙirguwa. Rufe iyaka daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, sun rage zirga-zirga ta ƙofar hukuma, dabbar da ta bi ta bayan gari kuwa babu mai duba ta. Ficewar Nijar daga ECOWAS a watan Janairu na 2025 ta ƙara raunana tsarin takardar.

A ɓangaren Nijeriya, an sabunta dokar cututtukan dabbobi a 2022, an kuma ɓullo da tsarin maƙala wa dabba ɗan kunne mai lamba wanda ake adana bayanansa a kwamfuta, sannan aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024. Bukatar hakan a fili take, domin ciwon huhu na shanu da ciwon baki da kofato da annobar awaki da tumaki suna nan, ciwon saifa ma ya ɓulla a Suleja a 2023. Saniyar da aka saya a Maigatari ranar Alhamis tana iya kaiwa Legas a mota cikin kwana biyu ko uku, tun alamar ciwo ba ta bayyana a jikinta ba.

3.7 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda shaidar dabba ta taso daga tsagar kunne ta mallaka, zuwa takardar izini, zuwa hujin rigakafi, har zuwa ɗan kunne mai lamba. An ga cewa ƙirgar da aka haɗa da jangali ta kori makiyaya, hujin da ya zo da allura kyauta ya jawo su, sakacin da ya biyo bayan JP 15 kuma ya dawo da cutar da aka kusa gamawa da ita. Saboda haka duk wani sabon tsari da za a kawo ƙasar Gumel, sai an bi ta hannun arɗo-arɗo da dillalai da masu unguwanni, an raba shi da karɓar kuɗin shiga, an kuma sami fahimtar juna da hukumomin Damagaram. Babi na gaba zai dubi rawar da sarakunan gargajiya suka taka wajen kare burtaloli da mashaya a wannan masarauta.