Curin Nama a Miyar Korin Siyam: Tarihin Tukunyar da Baƙi Suka Cika

Idan aka ambaci ƙasar Tailan a kasuwanninmu, shinkafa ce take fara faɗo wa mutum a rai, domin an yi shekaru buhunanta ne suka cika shagunan 'yan kasuwa daga Kano har Maraɗi. Shi ya sa mutane ke mamaki idan na ce girkin Tailan da na fi yi wa iyalina da dare ba shi da ko ƙwayar hatsi. Curin nama ne, a dunƙula shi ƙanana, a dafa cikin miyar kori ta madarar kwakwa, a ci da ganye da kabewa. Na fara yin sa ne saboda dattijon gidanmu da likita ya ce ya rage tuwo da shinkafa da dare. Masu yayata wannan girki a Amurka da Turai suna ɗaukarsa sabon salo na masu kula da lafiya. Ni kuwa da na bi sawunsa, sai na tarar kusan kowane abu da ke cikin tukunyar nan ya haura shekara ɗari, wani ma ɗari huɗu, kuma sanin inda kowanne ya fito shi ne ya gyara min hannu a girkin.

Labarin ya fara ne daga Ayutaya, babban birnin daular Siyam (Tailan ta yau), wanda aka kafa a tsakiyar ƙarni na 14 a kan wani tsibiri da koguna uku suka kewaye: Chao Phraya da Pa Sak da Lopburi. Jiragen ruwa na shigowa daga teku har bakin birnin, kuma sarakunansa sun yanka wa baƙi unguwanni, ga ta Sinawa, ga ta Japanawa, ga ta mutanen Fotugal, ga ta Holan, ga ta Musulmin Farisa da na Malay. Amma abincin talakan Siyam bai da wani ƙawa. Simon de la Loubère, jakadan da Sarkin Faransa ya aiko fadar Sarki Narai a 1687, ya rubuta littafi a kan ƙasar wanda aka buga a 1691, inda ya nuna cewa shinkafa da kifi su ne cimar jama'a, ya kuma ambaci kapi, wato ƙananan jatan lande da ake gauraya da gishiri a bar su su ruɓa, a shanya, a kirɓa. Matsayin kapi a miyarsu shi ne matsayin daddawa a tamu: ɗanyensa na da wari, amma in babu shi miya ta zama lami. Har yau kusan babu haɗin korin da ya amsa sunansa a tsakiyar Tailan da ba a jefa masa ɗan kapi ba.

Wanda ya ɗanɗana korin Tailan ya ji yadda yaji ke tsinka harshe zai yi tsammanin da barkono aka halicce su. Ba haka ba ne. Barkono ɗan nahiyar Amurka ne, kuma kafin zuwansa masoro da citta da wata 'yar'uwar citta da suke kira kha su ne ke ba miyar Siyam zafi. A 1511, bayan Afonso de Albuquerque ya ci birnin Malakka da yaƙi, ya aika manzo mai suna Duarte Fernandes zuwa Ayutaya, kuma daga nan ne hulɗar Siyam da Fotugal ta kankama. Ta hannun waɗannan 'yan kasuwar teku barkono ya bazu a Asiya, kamar yadda jiragensu suka kawo shi gaɓar Afirka ta Yamma. Ƙasar Siyam mai zafi da damshi ta karɓe shi hannu bibbiyu. Busasshen ja shi ke ba jan kori launinsa, ɗanyen kore kuma shi ke ba koren kori nasa.

Ɓangaren tarihin da ya fi taɓa zuciyata shi ne na Musulmi. A farkon ƙarni na 17 wani ɗan kasuwa daga birnin Ƙum na Farisa, Shehu Ahmad, ya sauka a Ayutaya, ya samu karɓuwa a fada har aka naɗa shi shugaban al'ummar Musulmi, da sarautar da suke kira Chularatchamontri, wadda har yanzu ita ce muƙamin babban jagoran Musulmin Tailan. Kabarinsa na nan a Ayutaya ana ziyarta, kuma daga tsatsonsa ne gidan Bunnag ya fito, gidan da ya riƙe manyan muƙaman mulkin Siyam a ƙarni na 19. Irin waɗannan fatake su ne suka saba da busassun kayan ƙamshi: kirfa, kanumfari, gyaɗar ƙamshi, kamun. Da waɗannan suka haɗu da ɗanyun ganyayen Siyam da madarar kwakwa da tsamiya, aka samu korin massaman, wanda sunansa ma daga kalmar Musulmi ya samo asali. Wasu masana na danganta shi da Farisawan fada, wasu da Musulmin Malay na kudancin ƙasar, amma duka ɓangarorin sun yarda daga tukunyar Musulmi ya fito, shi ya sa aka fi yin sa da naman shanu ko kaza ko rago. Ya shiga fada sosai, har Sarki Rama na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1809 zuwa 1824, ya yabe shi a wata waƙa da ya tsara kan abinci. A 2011 kafar CNN ta sa shi a sahun farko cikin jerin abinci 50 mafiya daɗi a duniya.

Madarar kwakwa kuwa ba ko'ina take sarauta ba. Abincin tsakiyar ƙasar ce da kudu, inda bishiyar ke yabanya. A arewa da arewa maso gabas akwai miyar kori da dama da ba a sa mata kwakwa, haka ma kaeng pa, korin daji, ruwa ne tsararo da yaji da ganye. Masu girki da kwakwa suna da wata dabara da ta kamata kowa ya sani: sukan ɗebi kakkauran saman madarar su ɗora a wuta shi kaɗai har sai ya tsage, mai ya taso, sannan su soya haɗin korin a cikin wannan man. A nan ne ƙamshin ke buɗewa. Wanda ya juye komai cikin ruwa lokaci guda zai sha miya mai gafin ɗanyen kayan haɗi.

To shi curin fa, daga ina? A 1767 rundunar Burma ta ƙone Ayutaya. Wanda ya sake haɗa kan ƙasar, Sarki Taksin, mahaifinsa Basine ne ɗan ƙabilar Teochew, kuma a zamaninsa da na bayansa Sinawa suka yi ta kwararowa daga kudancin Sin. Da Rama na Ɗaya ya kafa Bankok a 1782, ya mayar da Sinawan da ke zaune a inda zai gina fadarsa zuwa Sampheng, unguwar da ta zama cibiyar kasuwancinsu. Su ne suka yaɗa taliya da suya a babban kasko da kuma luk chin, ƙananan curin kifi ko nama masu tsalle a haƙori. A yau ba lungun da za ka bi a Bankok ba ka ga mai tura kura yana gasa su a tsinke ba. Musulmi dai sai ya yi tambaya, domin da yawansu na alade ne, amma akwai na kifi da na shanu da na kaza masu tambarin halal.

A wata kasuwa da ke unguwar Bang Rak, ba nisa da Masallacin Harun, na tsaya kan wata dattijuwa mai ɗaure da kallabi tana aikin kifin da suke kira pla krai, wani kifin ruwan daɗi mai faɗi da siffar wuƙa. Ta tsaga shi biyu, ta sa cokali tana kankare tsokar daga jikin ƙaya har ta tara ta a kwano mai zaune kan ƙanƙara. Sai ta zuba a turmi tana kirɓawa, tana tsoma taɓaryar cikin ruwan gishiri lokaci zuwa lokaci. Da farko tsokar a sake take, tana wargajewa. Can sai ta fara sheƙi, ta yi danƙo, har idan ta ɗaga taɓaryar duk ƙullin ke biyo ta. Ta damƙi ƙullin a tafin hannu, ta matso shi ta tsakanin babban yatsa da manuni, ta yanke da cokali cikin ruwan ɗumi. Ba gari, ba burodi, ba ƙwai. Gishiri ne ke jawo wani furotin mai danƙo daga cikin tsokar, duka ya game shi, sanyi kuma ya hana shi lalacewa kafin a dafa.

Haɗuwar wannan curi na Sinawa da miyar Siyam ita ta haifi ɗaya daga cikin girke-girken da mutanen tsakiyar Tailan suka fi alfahari da su, wato koren kori da curin pla krai, tare da ƙananan gauta da ganyen ɗoɗɗoyarsu. Shi koren korin ma ƙanin sauran ne, domin a farkon ƙarni na 20 ya bayyana. Zamanin ne kuma girkin fada ya fara shiga takarda. A 1908 wata babbar mace mai suna Plian Phatsakorawong ta fara buga littafinta Mae Khrua Hua Pa, ɗaya daga cikin littattafan girki na farko a harshen Tai, kuma mijinta ɗan gidan Bunnag ne, jikokin Shehu Ahmad. Akwai kuma thot man, inda ake cuɗa jan haɗin kori cikin ƙullin kifin kansa, a yanka ganyen lemun makrut siri-siri da ɗanyen wake a zuba, a soya. Ke nan cusa kori cikin curi da dafa curi cikin kori duk tsofaffin hanyoyi ne a can.

Fitar wannan abinci duniya ta zo ne a rabin ƙarshe na ƙarni na 20. Sojojin Amurka sun yi sansani a Tailan lokacin yaƙin Biyetnam, 'yan yawon buɗe ido suka biyo baya, 'yan Tailan kuma suka yi ƙaura zuwa birane irin su Los Angeles, inda aka ayyana unguwar Thai Town a hukumance a 1999. A 2002 gwamnatin Tailan ta ƙaddamar da shiri na musamman don ƙara yawan gidajen abincinta a ƙasashen waje. Kamfanoni suka zuba madarar kwakwa a gwangwani, haɗin korin da ake shafe sa'a ana dakawa a turmin dutse na garin Ang Sila ya koma cikin roba da sunaye irin su Mae Ploy da Maesri. A daidai wannan lokaci ne salon cin abinci marar hatsi ya yi tashe a Amurka, musamman bayan littafin Loren Cordain na 2002 kan cimar mutanen da. Uwar gida Ba'amurkiya ta saba ɗaure curin namanta da garin busasshen burodi. Da ta daina cin alkama sai ta shiga neman madadi, ta kuma tarar miyar korin Tailan ba ta buƙatar gari don ta yi kauri. Daga nan girkin da muke magana a kai ya samu siffarsa ta yau.

Abin da yake sabo na gaskiya a cikinsa shi ne cire shinkafa. A teburin mutanen Tailan, kori mahaɗi ne: cokali ɗaya ake ɗiba a zuba gefen shinkafa, shi ya sa ake tsananta masa gishiri da yaji da zaƙi, don farar shinkafa ta kwantar da su. Wanda ya cire shinkafar ya bar miyar yadda take, zai ɗora wa mai hawan jini ko ciwon suga nauyin da ya fi wanda ya sauke masa. Madarar kwakwa ma mai ce sosai. Rashin hatsi kaɗai ba ya mai da abinci lafiyayye, sai an sake auna komai.

Ga yadda nake yi. Nakan sami rabin kilo na niƙaƙƙen naman shanu ko kaza mai sanyi, in zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri, da cokali guda na jan haɗin kori, da dakakkiyar tafarnuwa da citta. Sai in yi ta cuɗawa ina ɗagawa ina makawa a kwano har ya yi danƙon da na gani a hannun dattijuwar nan. In dunƙula, in ajiye. In tsaga saman madarar gwangwani ɗaya mai mililita 400 a wuta, in soya cokali biyu na haɗin a ciki, in ƙara sauran madarar da ruwan tafasasshen ƙashi daidai yawanta don a rage maiƙo. In ya tafaso sai in rage wuta, in jera curin a hankali, kada a juya sai sun ɗaure. Kabewa da gauta su biyo baya, alayyafo da ɗoɗɗoya a ƙarshe, sannan matsin lemun tsami bayan an sauke. Ba na sa sukari, zaƙin kabewa ya wadatar. Mai gudun alkama ya kula da ruwan waken suya na kwalba, domin yawanci da alkama ake haɗa shi, gara ɗan ɗigon ruwan kifin nam pla.

Ba na jin laifi don na sauya wannan girki, domin Siyamawa da kansu ba su taɓa rufe tukunyarsu ba. Sun karɓi barkono daga mutanen Fotugal, kirfa da kanumfari daga Musulmi, curi daga Sinawa, kuma kowane baƙon abu sai da suka gane aikinsa kafin suka ba shi wuri. Wannan sharaɗi shi nake ganin ya hau kan duk mai son ya cire wani abu ko ya ƙara. Da tsohuwar zuma ake magani: matsalar ɗaure curi da masu girkin zamani ke sayen garin almon mai tsada don su warware, matan kasuwar Siyam sun daɗe da warware ta da gishiri da turmi da haƙuri, kuma wannan ilimi ne da kowane gida zai iya ɗauka kyauta.