Masu Zuwa da Masu Tafiya: Tarihin Nazarin Matan Hausa Daga Kudancin Kano

Ɗalibar da ta fito daga Rano ko Kibiya, take nazarin al'amuran jinsi a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, idan ta fara shirin yin zangon karatu guda a ƙasar waje, abin da ke cika mata kai shi ne fasfo da biza da kuɗin jirgi, da ko jami'arta za ta karɓi makin da za ta dawo da shi. Ga kuma kalandar karatu da ba ta da tabbas: yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas. Amma akwai abin da ba a cika gaya mata ba. A ɗakin karatun da za ta shiga a Ingila ko Amurka, za ta tarar da littattafai a kan matan yankinta, an rubuta su tun kafin a haifi mahaifiyarta. Hanyar da take shirin bi tsohuwa ce, sai dai a farkonta daga can ake zuwa nan.

Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta yi makonni tana zama da wata dattijuwa da ake kira Baba, tana rubuta tarihin rayuwarta. Mijin Mary, M. G. Smith, yana binciken zamantakewar Zazzagawa ne, amma namiji baƙo iyakarsa zaure. Cikin gida sai mace. An haifi Baba wajen 1877 a Karo, kusa da Zarewa, a kudancin ƙasar Kano, ta kuma ba da labarin rinji da harin masu kama bayi, da zuwan Nasara, da aure-aurenta huɗu, da yadda ƙawance da biki ke ɗaure mata da juna fiye da yadda maza suka sani. Littafin, Baba of Karo, ya fito a Landan a 1954 da Ingilishi. Baba ba ta gan shi ba, domin ta rasu a 1951. Lokacin nan babu wani fanni mai suna nazarin mata a kowace jami'a. Sai a 1970 aka buɗe sashe na farko irinsa a San Diego ta Amurka. Ke nan da fannin ya tashi neman abin koyarwa a kan Afirka, ya tarar da muryar wata Bahaushiya tana jiransa.

Waɗanda suka biyo baya sun zo da zato guda: cewa macen da ke kulle ba ta da hannu a tattalin arziki. Zaton bai daɗe ba. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 a kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki, wato hatsi da mai da abinci da ke yawo daga gida zuwa gida ba tare da sun taka kasuwa ba. A shekarun 1970 Enid Schildkrout ta nuna a birnin Kano cewa yara masu talla su ne ƙafafun wannan ciniki, don haka duk tsarin makaranta da ya ɗauke yarinya daga talla ya taɓa jarin uwarta. Duk wanda ya tashi a gidan da ake soya ƙuli-ƙuli ko dafa fura ya san wannan tun yana goye. Abin da baƙin suka ƙara shi ne rubutawa da aunawa, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Binciken da ya fi kusa da Rano ya zo ne da ruwa. Bayan an kammala madatsar Tiga a 1974, aikin noman rani na Kogin Kano ya shimfiɗu a Kadawa da Kura da Bunkure, kuma Bunkure a yau tana cikin masarautar Rano tare da Kibiya. Cecile Jackson ta zauna a wannan yanki tana duba abin da sabon noman ya yi wa mata. A 1978 ta buga maƙala a kan yajin aikin da matan ƙauye suka yi a gonar wani kamfanin Turawa mai noman kayan lambu don kai wa Turai, inda suka ajiye aiki suna neman ƙarin lada. Babu ƙungiyar ƙwadago a bayansu, babu takarda. A 1985 ta fitar da cikakken nazari, ta kwatanta matan Musulmi da na Maguzawa, ta nuna cewa aiki guda bai taɓa su ta hanya guda ba, saboda hakkinsu a kan gona da kan guminsu ya bambanta. Masu tsara aikin sun lissafa kadada da buhunan alkama. Ba su lissafa wannan ba. Jackson ta zama farfesa a Jami'ar East Anglia, ta koyar da ɗalibai daga ƙasashe da dama alaƙar jinsi da raya ƙasa.

Hatta rini, wanda tarihin Hausa Bakwai ya laƙaba wa Kano da Rano da sunan sarakunan baba, bai tsira daga sabon kallo ba. Heidi Nast, a littafinta na 2005 a kan gidan sarautar Kano, ta kawo hujjar cewa kafin jihadi matan fada suna da hannu a rini da kuma harajin hatsi. Ana iya gardama da ita, amma bayan karanta ta mutum ba zai sake kallon karofi a matsayin wurin da tun asali na maza ne ba tare da ya yi tambaya ba.

Juyin hanyar ya fara ne a ƙarshen shekarun 1970, sa'ad da 'yan gida suka fara fita su dawo. Ayesha Imam ta yi karatu a Landan, ta dawo Zariya, tana cikin waɗanda suka kira taron 1982 a Jami'ar Ahmadu Bello wanda ya haifi ƙungiyar WIN, sannan ta yi digirin digirgir a Jami'ar Sussex a kan kulle a Arewa. A 1996 ta shiga kafa BAOBAB, wadda ta tsaya wa mata a kotunan shari'a da hujjoji daga cikin fiƙihu. Amina Mama, haifaffiyar Kaduna, ta shugabanci cibiyar nazarin jinsi ta Afirka a Jami'ar Cape Town daga 1999, ta kuma jagoranci mujallar Feminist Africa daga 2002. A gefe guda, FOMWAN, da aka kafa a Minna a 1985, ta ɗauki wata hanyar dabam, ta gina maganar hakkin mata a kan Alƙur'ani da Sunna da gadon Nana Asma'u da 'yan tarunta. Saɓanin da ke tsakanin waɗannan hanyoyi bai mutu ba, kuma ɗalibar Rano za ta same shi a gida kafin ta same shi a aji, ranar da kawunta ya tambaye ta me ake koyarwa a wannan fanni da har sai an ƙetare teku.

Wannan tarihi yana da tasiri a kan zaɓin wuri. Ƙasar waje ba Turai kaɗai ba ce: Jami'ar Makerere ta Uganda ta buɗe sashen nazarin mata tun 1991, kuma matsalolin da ake tattaunawa a can, na gona da gado da auren wuri, sun fi kama da na Kibiya. Shirin musayar ɗalibai na Erasmus, da Turai ta fara a 1987, sai a 2015 ya buɗe ƙofa sosai ga jami'o'in wajen nahiyar, kuma yana aiki ne ta yarjejeniya tsakanin jami'a da jami'a, ba ta takardar neman ɗalibi shi kaɗai ba.

Littattafan da za ta tarar a can sun tsufa. Yajin aikin da Jackson ta rubuta ya kusa shekara hamsin. Tun daga lokacin shinkafa ta mamaye fadamun Kura da Bunkure, turara ta ya zama sana'ar mata masu yawa, wayar hannu ta shiga ɗakin amarya, adashi ya fara bin asusun banki. Jikokin matan da suka ajiye aiki a waccan gona suna nan da ransu, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Rano, kuma Hausa suke ji.