Yadda Ake Zana Taswirar Ambaliyar Neja Delta da Na'urar Rada

Yankin Neja Delta shi ne mashigar ƙarshe ta ruwan kogunan Neja da Binuwai, waɗanda ke haɗuwa a Lokoja kafin su rarrabu zuwa rassa masu yawa su faɗa Tekun Atlantika. Ƙasar yankin shimfiɗaɗɗiya ce, saboda haka idan kogi ya cika, ruwa kan bazu nesa. A ambaliyar 2022, wadda ta halaka fiye da mutum 600 a Najeriya, ruwa ya yanke hanyar East-West, jihar Bayelsa ta kusa rabuwa da sauran ƙasar.

A irin wannan hali, masu aikin ceto na bukatar sanin inda ruwa ya kai. Sai dai da damina gajimare kan lulluɓe yankin, kyamarar tauraron ɗan'adam kuwa ba ta gani ta cikinsa. Na'urar rada ba ta da wannan matsala, domin da kanta take aiko da sigina ƙasa, ta auna abin da ya dawo mata. Siginar na ratsa gajimare, dare ko rana.

Ruwa kwantacce kamar madubi yake: yana karkatar da siginar zuwa wani gefe, sai ya fito baƙi a hoto. Busasshiyar ƙasa da gine-gine kuwa suna mayar da ita, sai su fito da haske. Masana kan gwama hoton kafin ambaliya da na bayanta, duk inda ya sauya zuwa baƙi a sa masa alama.

Hotunan da aka fi amfani da su na taurarin Sentinel-1 ne na Hukumar Sararin Samaniya ta Turai, kuma kyauta ake bayar da su. An harba na farko a 2014, kowane ɗaya kuma kan maimaita hanyarsa bayan kwana 12.

Hanyar na da iyaka. Iska kan kaɗa ruwa ya daina fitowa baƙi. A dazuzzukan fadama da cikin gari, siginar kan bugi ruwa, ta bugi itace ko bango, ta dawo da haske sosai, har a ɗauka wurin a bushe yake. Haka kuma hoton ba ya nuna zurfi. Don haka dole a haɗa taswirar da ma'aunin ruwan kogi na hukumar NIHSA da rahoton jami'an NEMA kafin a tura jiragen ruwa da kayan agaji.