Fashewar Hanta ga Mai Juna Biyu

Fashewar hanta na daga cikin mafi munin abin da hawan jinin masu ciki ke jawowa. Jini kan taru a ƙarƙashin tantanin da ya lulluɓe hanta, galibi ta ɓangaren dama, har tantanin ya yage. Kafin nan mace kan dafe ƙasan haƙarƙarinta, tana amai, kafaɗar dama na sara mata. A gida sai a ce olsa ce.

Likita Abercrombie ne ya fara bayyana fashewar hantar, a wata mujallar Landan, a 1844. Littattafai da dama kan tsallaka zuwa 1982, shekarar da Louis Weinstein na Jami'ar Arizona ya nazarci mata 29, ya raɗa wa ciwon da ke share wa fashewar hanya suna HELLP: jajayen ƙwayoyin jini na farfashewa, sinadaran hanta na hauhawa, ƙwayoyin daskarar da jini na raguwa. Suna kam nasa ne, amma tun 1954 Jack Pritchard da abokan aikinsa suka kwatanta alamomin. Pritchard ne kuma, a asibitin Parkland na Dallas, ya tsara yadda ake allurar magnesium sulfate don tare jijjigar masu ciki.

A ƙasar Hausa labarin ya ɗauko daga Zariya. A 1985 Kelsey Harrison ya wallafa nazarin haihuwa 22,774, inda ya nuna matan da ba su taɓa zuwa awo ba su ne suka fi rasa rayukansu. Gwajin Magpie na 2002, kan mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, ya tabbatar allurar na rage jijjiga da fiye da rabi. A 2008 aka shigar da ita manyan asibitoci goma na jihar Kano, mace-macen masu jijjiga suka ragu matuƙa.

Sai dai allura ba ta ɗinke hantar da ta riga ta yage. Dole a ciro jaririn, a danne hantar da tsummokin tiyata, a ƙara jini leda bayan leda.

Irin wannan aiki ba a ko'ina ake samunsa kusa ba. A arewacin Zamfara, Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi kowanne na da babban asibiti, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta yi aiki a na Shinkafi da na Zurmi. Babbar tiyata kan sa a nufi Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a Gusau, ta hanyar Kaura, wadda direbobi ke gudun bi da dare saboda 'yan bindiga.