Daga ƙofar UI zuwa Sabo: tarihin da na ci karo da shi a gaban tukubar tsire

Ku ɗan yi haƙuri, rubutun yau da ɗan tsawo.

Wata biyu ke nan da na sayi tsohon keke don in huta da kuɗin mota. Ranar Asabar in na gaji da laburare, sai in fita daga babbar ƙofar Jami'ar Ibadan, in bi ta Sango, in kai Mokola, in faɗa Sabo. Da farko yunwa ce kawai ke kai ni: waina da safe, tsire da balangu da yamma, shayi da burodi bayan isha'i. Amma wata rana ina tsaye gaban tukuba sai na tambayi kaina, wai ya aka yi tsire ya zo tsakiyar ƙasar Yarabawa har ya yi gida?

Amsar ta girmi jami'armu. An buɗe UI a 1948, ita kuwa Sabo an keɓe ta ga Hausawa tun 1916. Kafin nan ma mutanenmu suna cikin garin, suna zaune a gidajen Yarabawa. Abu biyu ya kawo su: shanu da goro.

Can da, fatakenmu Gwanja suke zuwa sayen goro, a ƙasar Gana ta yanzu, tafiyar watanni da jakuna. Da jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, layin dogo kuma ya kai Kano a 1911, ga manoman Yarabawa sun kama noman goron da muke ci, sai hanya ta juyo nan. Goro ya hau Arewa, shanu su gangaro Kudu.

To shanun nan ba sa daɗewa a yankin kurmi saboda ƙudan tsando. Dole a sayar da wuri, kuma yawanci bashi mahauta ke ɗauka. Wa zai tsaya wa baƙon da ya zo daga Katsina ko Sakkwato, bai san kowa ba? Nan maigida ya shigo. Shi zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya har kuɗinsa su fito. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ya yi bincike a kan wannan tsari, littafinsa ya fito a 1969. Wallahi na ji kunya da na gane Bature ya san tarihin unguwar nan fiye da ni da nake cin tuwo a cikinta.

Kun ga ke nan, inda baƙi suka taru dole a dafa abinci, inda shanu suka sauka dole nama ya wadata. Tsire ya biyo sawun shanu ne, da yajinsa na ƙuli-ƙuli da citta. Yau Bayarabe, Inyamuri, kowa “suya” yake cewa, kalmarmu ce ta shiga bakin ƙasa baki ɗaya.

Amma kada mu yaudari kanmu cewa tarihin duk daɗi ne. A watan Fabrairun 2021, 'yar sa'insa a kasuwar Shasha, inda ake sauke tumatir da albasa daga Arewa, ta rikiɗe ta zama faɗan ƙabilanci. An rasa rayuka, an ƙona shaguna da gidaje a ɓangarorin biyu. Zaman da aka gina cikin shekaru masu yawa ya girgiza a 'yan kwanaki. Na san wasunmu har yanzu iyayensu na cewa kada su wuce ƙofar makaranta, kuma ban ga laifinsu ba.

Sai dai ni abin da keken nan ya koya min daban ne. Magabatanmu ba da ɓuya suka zauna a garin nan ba. Sun koyi Yarabanci, sun ba da bashi, sun riƙe amana. Mu kuwa sai mu yi shekara biyu daga hostel sai masallaci sai aji, mu koma gida ba mu iya ko gaisuwar safe da yarensu ba.

Shi ya sa yanzu kafin in kai Sabo nake tsayawa wurin wata mama mai amala. Ranar farko na sha fama da miyar ewedu, tana ta min dariya, ta ce ai 'yar uwar miyar lalo ce. Gaskiyarta kuwa, ganye ɗaya ne. Yanzu da ta hango keke na sai ta fara zuba min gbegiri tun ban sauka ba.

Asabar mai zuwa in sha Allah zan sake fita bayan la'asar. Mai keke ya zo da nasa, marar shi mu san yadda za mu yi. Amala tukuna, sannan tsire. Kowa dai ya riƙe kuɗinsa, don alawus bai shigo ba.