Mai gyaran wuta: Yadda ake tantance shi, da inda aikinsa ya tsaya a gida

A yawancin unguwannin Kano, Kaduna, Sakkwato ko Maiduguri, hanyar samun mai gyaran wuta guda ce: a tambayi maƙwabci, ya bayar da lambar wani yaro da aka ce ya iya wuta. Yakan zo da filaya da testa da baƙin salatif, ya kwance, ya ɗaura, ƙwai ya kama, a sallame shi. Sai dai kamawar ƙwai ba ta nuna aiki ya yi kyau. Wayar da aka haɗa da sakaci tana iya ba da haske shekara biyu tana gasuwa a cikin silin, kafin ranar da za ta cinye gidan.

Mita ce iyaka

Kafin a kira kowa, sai a san matsalar ta wane ne. Tun da aka sayar da kamfanin PHCN a watan Nuwamban 2013, rarraba wuta ya koma hannun kamfanoni 11. KEDCO ke kula da Kano, Katsina da Jigawa. Kaduna Electric na da Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara. Kamfanin Yola kuma na da Adamawa, Borno, Taraba da Yobe. Taransifoma da turaku da wayoyin kan titi har zuwa mita, duk na kamfani ne. Daga bayan mita zuwa cikin ɗakuna, nan ne hurumin mai gida da wanda ya ɗauko.

Hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki ta sha nanata cewa saye ko gyaran taransifoma da turke ba alhakin masu shan wuta ba ne. Duk da haka, karo-karon kuɗin taransifoma ya zama al'ada, har 'yan siyasa sun mayar da ita kyautar lokacin kamfe, alhali mutanen unguwa sun riga sun biya kuɗinta a cikin bil. Hanyar da doka ta shimfiɗa ita ce a kai ƙorafi a rubuce ga sashen sauraren koke na kamfanin, a riƙe kwafi. Idan kwanakin aiki 15 suka wuce ba a warware ba, sai a garzaya ofishin sauraren koke na NERC da ke yankin, ko hukumar lantarki ta jiha a jihohin da suka karɓi wannan iko bayan Dokar Lantarki ta 2023.

Saboda haka mai gyaran da ya ce zai hau turke ya canja maka layi, ko ya zagaye mita don wuta ta daina cin kuɗi, laifi yake tallata maka. Ranar da aka gano, mai gida ne za a yanke wa wuta a ci shi tara, shi kuwa ya daɗe da tafiya.

Takarda da kayan aiki

NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ce hukumar da ke duba ingancin ayyukan lantarki da bai wa masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Akwai kuma takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mai matakai uku, da ta NABTEB ga waɗanda suka fito daga kwalejojin fasaha. Gaskiya ne cewa ƙwararru da yawa a hannun ubangida suka koya ba su da ko ɗaya, kuma sauya soket bai buƙatar takarda. Amma wayarin sabon gida, ko haɗa sola da inbata, aiki ne da ya cancanci a ce masa: Malam, mu ga takardarka, kuma a nuna mana gidan da ka yi wa aiki bara.

Jakarsa ma shaida ce. Testa tana nuna akwai wuta ne kawai. Wanda ba shi da na'urar auna ƙarfin wuta, hasashe yake yi. A kula ko yana kashe babban makunni kafin ya taɓa waya. Mai alfahari da cewa wuta ta san shi ba jarumi ba ne. A kuma raba kuɗin kaya da kuɗin hannu a rubuce, domin a jimillar kuɗi ne ake ɓoye waya mai arha.

Waya, inda ake cuta

A nan ya kamata a daɗe, domin da zarar an yi filasta ba mai sake ganinta. Kaurin waya shi ke ƙayyade nauyin da za ta ɗauka. A ƙa'idar da aka saba, mai lamba 1.5 ta ƙwayaye da fanka ce, 2.5 ta soket, sannan 4 ko 6 ga manyan kaya irin su na'urar dafa ruwan wanka da murhun lantarki, kowanne da layinsa daga akwatin rarraba wuta. Kasuwa kuwa cike take da wayar da aka rubuta wa 2.5 alhali cikinta bai kai ba, da wadda alminiyam ce aka shafa wa ruwan jan ƙarfe. A kankare bakin wayar da wuƙa: idan fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, an gane ta. Gara mai gida ya je kasuwa tare da mai gyaran, ya nemi mai tambarin hukumar SON.

Robar da ke lulluɓe da wayar gida an yi ta ne don zafin da bai wuce digiri 70 ba. Wanda ya san yadda ƙarƙashin kwano ke zama a watan Afrilu zai fahimci cewa siririyar waya mai ɗauke da nauyin da ya fi ƙarfinta ba ta da sauran sarari. Shi ya sa ake zura waya cikin bututun roba, wanda ke kuma kare ta daga haƙorin ɓera, ake kuma yin kowane haɗi a cikin akwati da abin ɗaurewa maimakon murɗe-murɗe da salatif.

Sai wayar ƙasa, wadda masu sana'ar ke kira at. Ita ke kwashe wutar da ta zube a jikin firji ko injin ruwa ta kai ta ƙasa. Gidaje da dama suna da soket mai hanci uku amma na ukun ba a haɗa shi da komai ba. A Arewa akwai ƙarin matsala: ƙasa na bushewa da rani, sandar da aka binne ta rage aiki, gishirin da ake zuba mata tare da gawayi kuma yana cin ƙarfen sannu a hankali. Don haka auna ta ake yi, lokaci zuwa lokaci. Tare da ita a nemi birekar nan mai gane zubar wuta, mai lamba 30mA. Bireka ta yau da kullum waya take karewa daga ƙonewa. Wannan ce ke yanke wuta idan ta bi ta jikin mutum.

Abin da alamu ke faɗa

Bireka mai yawan faɗuwa aikinta take yi. Ko dai nauyi ya yi yawa, ko waya ta taɓa waya. Mafi munin magani shi ne a sauya ta da babba, ko a ɗaure fis da zaren waya, domin daga nan wayar bango ce za ta zama fis. Lissafin mai sauƙi ne: wutar Najeriya bolt 230 ce, fulogi mai hanci uku kuma amfiya 13 yake ɗauka, wato kimanin wat 3,000. Dutsen guga mai wat 1,200 da hita mai wat 2,000 a kan ekstenshan ɗaya sun riga sun haura. Ba mamaki gobara ke yawaita da hunturu, lokacin da ake jona hita, a ɗauke wuta, a manta, a dawo da ita cikin dare.

Soket mai zafi, mai baƙi a baki, ko mai warin ƙonanniyar roba, haɗinsa ne ya saki. A kashe layin, a sauya shi. Famfo ko firji mai ɗan jan hannu, wayar ƙasa ce ba ta aiki.

Akwai alama guda da ba ta jiran kowa. Idan ƙwai ya yi haske fiye da kima a wani ɗaki ko gida, na maƙwabci kuma ya dushe, mai yiwuwa wayar nitiral ce ta tsinke a layi. A irin wannan hali ƙarfin wuta kan tashi ya doshi bolt 400, ya ƙone talabijin da firji da caja cikin daƙiƙu. A kashe babban makunni nan take, a kira kamfani, a ɗauki hoton kayan da suka lalace domin ƙorafi.

Janareto da inbata kuma ba a jona su da gida sai ta makunnin sauya layi, wato cenji-oba. Idan babu shi, wutar janareto na iya komawa kan layin titi ta kashe ma'aikacin da ya hau turke yana zaton an ɗauke wuta.

Idan wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A kashe makunni, ko a ture wayar da busasshen itace. Madarar da aka saba ɗura wa wanda wuta ta ja ba ta maganin komai. Asibiti za a kai shi ko da ya miƙe da ƙafarsa, domin wuta na iya rikita bugun zuciya. Gobarar lantarki kuma ba a watsa mata ruwa kafin a yanke wutar, sai yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda.