Bebeji: Zangon Fatake a Farkon Zamanin Turawa

Duk mai nazarin fatauci a ƙasar Kano, wajibi ne ya yada zango a Bebeji, kamar yadda ayarori suka riƙa yi a ƙarni na 19. Garin yana kan hanyar Kano zuwa Zariya, wadda fataken Gwanja ke bi da jakuna ɗauke da kanwa da turkudi, su komo da goro. Sa'ad da Baturen nan Clapperton ya biyo ta nan a 1826, ya tarar da gari mai ganuwa wanda jama'arsa suka duƙufa ga ciniki. Zango kuwa ya fi wurin kwana. A nan madugu ke biyan fito, a nan fatoma ke saukar da baƙo ya haɗa shi da dillali, mata su sayar da fura da tuwo, yara su kawo ciyawar dabbobi. Rabin gari na ci daga ayari guda.

An fi tuna Bebeji da ranar da rundunar Kanar Morland ta fasa ƙofarta da igwa a 1903, a kan hanyarta ta cin Kano. Amma igwa ƙofa kawai ta karya, ayarori suka ci gaba da zuwa. Abin da ya raunana zangon shi ne dogo, wanda ya isa Kano a 1911. Bai shiga Bebeji ba, ta Ɗangora a ƙasar Kiru ya ratsa, ya wuce Madobi. Daga 1912, da cinikin gyaɗa ya buɗe, sai sikeli da kanti suka koma bakin tasha, goro kuma ya fara hawo tarago daga Ikko. Tafiyar watanni ta zama ta kwanaki, fatoma ya rasa baƙi.

Fataken kansu ba su zauna jiran ayari ba. Alhassan Ɗantata, ɗan Agalawa da aka haifa a Bebeji a 1877, ya koyi sana'a a hanyar Gwanja, sannan ya gane cewa goron da aka ɗora wa jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko ya riga na jaki isowa kasuwa. A 1918 ya shiga sayen gyaɗa wa kamfanin Neja. Hanyar bashi da amana da yaran gida da ya gada a zango, ita ya shimfiɗa wa gyaɗa, sai dai a Kano ya kafa gidansa, a can kuma ya rasu a 1955.